Yadda Wa'adin Zagaye ke Tona Asirin Tagwayen Taurarin Eksire

A shekarar 1971 tauraron ɗan'adam na Uhuru, wanda aka harba daga wani dandamali a cikin teku kusa da Malindi ta ƙasar Kenya ranar 12 ga Disamba 1970, ya tsura wa wani ɗigon haske ido a kudancin samaniya. Sunan ɗigon Centaurus X-3. Haskensa ba irin wanda ido ke gani ba ne, eksire ne, wanda ake ɗaukar hoton karaya da shi a asibiti. Riccardo Giacconi da abokan aikinsa suka tarar hasken yana ƙyaftawa duk bayan sakan 4.84. Da aka ci gaba da bibiya sai abu biyu suka ɗaure wa kowa kai. Ƙyaftawar takan riga lokacinta kaɗan, can kuma ta koma makara kaɗan, haka dai bi da bi. Sannan duk bayan kwana 2.087 hasken yakan ɗauke ɗif na kusan awa 12 kafin ya dawo. A 1972 Ethan Schreier da sauran 'yan tawagar suka fito da bayanin da har yau ba a ture shi ba: taurari biyu ne ke zagaya juna, ƙaramin ne ke fitar da eksire, kuma a kowane zagaye sai ya shige bayan babban ya ɓuya.

Babu madubin hangen nesa da ya taɓa raba waɗannan biyun a hoto, don sun yi nisa ƙwarai kuma suna dab da juna. Abin da ke hannunmu lokaci ne kawai, kuma cikin duk abin da ɗan'adam ke aunawa babu wanda ya ƙware a kansa kamar lokaci. Shi ya sa duk wanda ya gano sabon ɗigon eksire a sama, tambayar da ta fi damunsa ita ce kwana nawa, ko awa nawa, abin ke ɗauka kafin ya kammala zagaye ɗaya. Wannan adadi, wa'adin zagaye, yana rage yawan irin taurarin da ake tuhuma ƙwarai da gaske. Amma ba ya yanke hukunci shi kaɗai, kuma a nan ne masu gaggawa ke tuntuɓe.

Tagwayen eksire, ɗayansu rayayyen tauraro ne da wutarsa ke ci, ɗayan kuma gawa ce, wato ragowar tauraron da makamashinsa ya ƙare ya rufta cikin kansa. Gawar ko dai tauraron nutron ce, abin da ya fi Rana nauyi amma faɗinsa kimanin kilomita 20 ne kacal, ko kuma baƙin rami, wanda ko haske ba ya kuɓuce wa jansa. Ƙarfin janta yana zuƙo gas daga jikin rayayyen. Gas ɗin yakan yi ta kewaya gawar ya zama faifai, yana gogar juna yana ɗaukar zafi har miliyoyin digiri, kuma duk abin da ya kai wannan zafi eksire yake fitarwa. Iskar da ta lulluɓe duniya tana tare eksire, don haka sai an haura samanta ake ganinsa. Na farkon da aka gano, Scorpius X-1, da roka aka gano shi a watan Yuni 1962 daga White Sands ta Amurka, kuma wannan fage ne ya kai Giacconi ga lambar yabo ta Nobel a 2002.

An raba tagwayen gida biyu bisa nauyin rayayyen, ba bisa gawar ba. A gidan manya, rayayyen shuɗin tauraro ne mai tsananin zafi da ya ninka Rana nauyi sau goma ko fiye, kuma irinsu ba sa daɗewa, 'yan miliyoyin shekaru suke yi su mutu. A gidan ƙanana, rayayyen bai wuce nauyin Rana ba, sau da yawa ma bai kai ba, kuma shekarunsa na iya kai biliyoyi. Matsalar ita ce sau tari ba a ganin rayayyen sam. Ko ƙurar da ke tsakiyar galaksinmu ta rufe shi, ko hasken faifan ya danne nasa, ko kuma taurari sun yi cunkoso a wurin har ba a san wanne ne ba. A irin wannan hali wa'adin zagaye ne shaidar farko.

Hanya mafi inganci ta auna shi ita ce ta Centaurus X-3. A ce mai kalangu yana kewaya wani makeken fili yana kiɗa, ba sauri ba jinkiri, kai kuma kana tsaye can nesa da agogo a hannu. In ya kai ƙarshen filin na can, sautin zai ɗan daɗe kafin ya iso kunnenka, in ya matso kusa kuma ya iso da wuri. Ko idonka a rufe yake, daga makara da sammakon bugun za ka iya faɗin minti nawa yake ɗauka ya kewayo, har ka ƙiyasta faɗin filin. Tauraron nutron mai ƙarfin maganaɗisu yana tattara gas a kan goshin maganaɗisunsa biyu, yana juyi a kan kansa, hasken na haska mu sau ɗaya a kowane juyi. A Centaurus X-3 ƙyaftawar tana yin gaba da kusan sakan 40, ta yi baya da kusan sakan 40. Hasken Rana yana ɗaukar kimanin sakan 500 kafin ya iso mana, ke nan tazarar tagwayen nan ɗan ƙaramin yanki ce ta tazararmu da Rana, kuma gawar tana gudun sama da kilomita 400 a sakan ɗaya.

Ba kowace gawa ke ƙyaftawa ba. Baƙin rami ba shi da jikin da gas zai sauka a kai, mafi yawan taurarin nutron na gidan ƙanana kuma maganaɗisunsu ya yi rauni. Sai a nemi husufi, in an yi sa'a muna kallon zagayen ta gefe: EXO 0748-676, wanda tauraron ɗan'adam na EXOSAT ya gano a 1985, yana husufi duk bayan awa 3.82. In ba cikakken husufi, wani lokaci kumburin bakin faifan yakan gitta ya dusashe hasken, kamar yadda 4U 1916-05 ke yi duk bayan minti 50. In ana ganin rayayyen da madubin hangen nesa na ƙasa, sai a rarraba haskensa launi-launi a duba layukan da ke ciki: suna gusawa wajen shuɗi in yana tahowa, su gusa wajen ja in yana komawa. In duk wannan ya faskara, sai haƙuri. Na'urorin sintiri irin wadda ta kasance a kan tauraron ɗan'adam na RXTE daga 1995 zuwa 2012, da ta Swift da aka harba a 2004, da MAXI ta Japan da aka kafa a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a 2009, suna leƙa ɗaruruwan ɗigo kullum shekara da shekaru, sai a zuba bayanan a kwamfuta a nemi ɗan hawa da saukar da ke maimaita kansa.

To an samu adadin. Me yake faɗa?

Tun 1619 Kepler ya nuna cewa wa'adin zagaye da tazara a ɗaure suke da juna, daga baya Newton ya shigo da nauyi cikin lissafin. Gajeren wa'adi na nufin taurarin suna dab da juna, kuma tauraron da ya fi filin girma ba zai zauna a ciki ba. Akwai kuma wani abu da ya fi wannan ban sha'awa. Kowane tauraro cikin tagwayen yana da iyakar da ƙarfin jansa ke iya riƙe gas, ana kiranta iyakar Roche, da sunan wani masanin lissafi Bafaranshe na ƙarni na 19. A gidan ƙanana gas ba ya tsallakawa sai rayayyen ya cika iyakarsa fal. In kuwa ya cika ta, to danƙarewar jikinsa, wato nauyin da ke cikin kowane ɗan yanki na jikinsa, kusan wa'adin zagaye ne kaɗai ke ƙayyade ta. Lissafin ma ba ya buƙatar kwamfuta: ka ɗauki wa'adin da awa, ka ninka shi da kansa, ka raba 110 da abin da ya fito. Amsar ita ce sau nawa tauraron ya ninka ruwa danƙarewa. Ranarmu 1.4 take.

Mu gwada. A0620-00, wanda ya ɓarke da haske a 1975, yana zagaye cikin awa 7.75. Lissafin ya ba da kimanin 1.8, wato tauraro na yau da kullum da bai kai Rana ba, kuma haka aka same shi. Scorpius X-1 yana ɗaukar awa 18.9, amsar ta faɗo zuwa wajen 0.3, alamar tauraron da ya fara tsufa ya fara kumbura. GRS 1915+105, baƙin ramin da aka gano a 1992, yana ɗaukar kusan kwana 34, wato sama da awa 800, kuma amsarsa ba ta kai danƙarewar iskar da muke shaƙa ba. Irin wannan sai tauraron da ya tsufa ya kumbura ya zama ƙato. Ba mu kalli hoton ko ɗaya ba, amma mun san matakin rayuwar da kowannensu ya kai.

Wanda ya fi burge ni shi ne 4U 1820-30, da ke cikin dunƙulen taurari na NGC 6624. A 1987 Luigi Stella da abokan aikinsa suka bayyana cewa haskensa yana hawa da sauka duk bayan sakan 685, minti 11 da 'yan kai. Ka saka wannan a lissafin, amsar ta kai wajen 3,000. Babu rayayyen tauraro mai ƙona haidurojin da zai danƙare haka. Masu irin wannan makamashi ba sa iya zagaye ƙasa da kimanin minti 80. Abin da ke ciyar da tauraron nutron ɗin nan shi ma gawa ne, farin wada na hiliyom, wato ƙanƙantacciyar zuciyar tauraron da wutarsa ta mutu, kuma tazarar da ke tsakaninsu kusan kashi ɗaya cikin uku ce ta tazarar duniya da wata. Duka biyun da filin zagayensu za su shige cikin Rana da sauran wuri. A nan wa'adi shi kaɗai ya isa hujja, kuma da shi aka ware wani reshe na musamman a gidan ƙanana, na masu matsanancin kusanci.

Wa'adin yana kuma taimakawa wajen sanin irin gawar. In aka haɗa shi da gudun rayayyen da aka auna daga gusawar layukan haskensa, ana samun mafi ƙarancin nauyin da gawar za ta iya yi, ko da ba a san ta wane gefe muke kallon zagayen ba. Tauraron nutron ba ya iya wuce ninki uku na nauyin Rana ba tare da ya rufta ba. A 1986 Jeffrey McClintock da Ronald Remillard suka auna A0620-00 suka samu kusan uku, a bakin iyaka ke nan. A 1992 Jorge Casares da Phil Charles da Tim Naylor suka auna V404 Cygni daga tsibirin La Palma, wa'adinsa kwana 6.5, suka samu sama da shida. Daga nan gardama ta ƙare, baƙin rami ne.

A gidan manya labarin ya sha bamban, domin da yawansu ba su cika iyakar Roche ba, lissafin 110 ba ya aiki a kansu. Abin da ke aiki shi ne haɗa agogo biyu. A 1984 da 1986 Robin Corbet ya ɗauki duk taurarin nutron masu ƙyaftawa na wannan gida da aka sani, ya zana jadawali: wa'adin zagaye a kwance, wa'adin juyin gawar a kan kanta a tsaye. Ɗigon ba su warwatsu barkatai ba, sun taru wuri uku.

Taro na farko 'yan kaɗan ne, masu gajeren zagaye da saurin juyi. Centaurus X-3 na ciki, da SMC X-1 mai juyin sakan 0.7 da zagayen kwana 3.9, da LMC X-4 mai juyin sakan 13.5 da zagayen kwana 1.4. Waɗannan rayayyensu ya cika iyakarsa, gas na kwarara ta faifai, kuma gas ɗin da ke sauka daga faifai koyaushe ta gefe ɗaya yake tura gawar, sai ta yi ta ƙara gudu. Taro na biyu su ma zagayensu gajere ne, amma juyinsu na nawa ne, ɗaruruwan sakan. Vela X-1 shi ne misalin da kowa ke kawowa: juyi sakan 283, zagaye kusan kwana 9. Nan shirgegen tauraro ne ke busa iska ta ko'ina, gawar na tsintar abin da ya biyo ta gabanta, wani ya zo ta dama wani ta hagu, babu turi na gefe ɗaya da zai hanzarta ta.

Taro na uku ya fi yawa, kuma shi ne ya sa jadawalin ya yi suna. Rayayyensu irin wanda ake kira tauraron Be ne, mai tsananin saurin juyi har yana zubar da gas ta ƙugunsa, gas ɗin ya zama faifai nasa na kansa. Gawar tana bin doguwar hanya mai siffar ƙwai, ta yi nesa ta dawo kusa, kuma in ta matso ta ɗebi gas daga faifan sai ta ɓarke da eksire na 'yan kwanaki. EXO 2030+375 yana yin haka kusan duk bayan kwana 46, har tazarar ɓarkewar ta zama hanyar auna wa'adin. A wannan taro ɗigon sun jeru a kan layi mai hawa: 4U 0115+63 juyi sakan 3.6 zagaye kwana 24, EXO 2030+375 juyi sakan 42 zagaye kwana 46, A0535+26 juyi sakan 103 zagaye kwana 111, X Persei juyi sakan 837 zagaye kwana 250. Dalilin yana cikin kokawar maganaɗisun gawar da gas. In gas ya yi yawa yakan matse yankin maganaɗisun ya sauka ya ƙara wa gawar gudu. In ya yi kaɗan, yankin ya buɗe, ya riƙa cilli da gas ɗin waje, gawar na rasa gudu. Mai faffaɗan zagaye ɗan abin da yake samu kaɗan ne, don haka yakan daidaita a kan juyi mai nawa.

Amfanin wannan a aikace yake. Ƙaramin Gajimaren Majelan, ƙaramar galaksi maƙwabciyarmu, cike take da tagwaye masu tauraron Be. Tauraron ɗan'adam ya kama ƙyaftawa, masu binciken OGLE na Jami'ar Warso da ke sintiri da madubinsu a Las Campanas ta ƙasar Cile su duba tarihin hasken tauraron, a samu agogo biyu, a ɗora a jadawali. Amma jadawalin ƙiyasi ne mai kyau, ba doka ba. SAX J2103.5+4545 yana juyi cikin sakan 358 yana zagaye cikin kwana 12.7. Duk wanda ya dubi jadawalin zai rantse cewa shirgege mai busa iska ne. Da aka gano rayayyen aka rarraba haskensa, sai ga tauraron Be.

Akwai kuma tarkon da ke cikin aunawar kanta, domin ba duk abin da ke maimaita kansa ne zagaye ba. Hercules X-1 yana da agogo uku: juyi sakan 1.24, zagaye kwana 1.7, da wani na kwana 35 da ke zuwa daga faifan da ya karkace yana layi, yana rufe gawar yana buɗe ta. Wanda bayanansa ba su da yawa zai iya kama 35 ɗin ya ce shi ne zagaye, ya kai tagwayen gidan da ba nasu ba. Rayayyen da ya cika iyakarsa kuma jan gawar yakan miƙar da shi ya yi tsawo, sai ya nuna mana faffaɗan gefensa sau biyu a zagaye ɗaya, mai sakaci ya rubuta rabin wa'adin. Madubin ƙasa ba ya aiki sai da dare, kuma kowane tauraro yana da watannin da Rana ke tare shi, wannan giɓi na kwana da na shekara yana haifar da wa'adi na bogi kusa da na gaskiya.

Scorpius X-1 kansa bai tsira daga wannan ba. A 1975 Gottlieb da Wright da Liller suka tono tsofaffin hotunan sama na gilashi da ke ajiye a Jami'ar Harvard, na shekaru sama da 80, suka fitar da kwana 0.787313. A 2003 bayanan RXTE suka nuna wani adadi dab da shi, 0.78893, kuma bambancinsu daidai yake da abin da giɓin shekara ke haifarwa. Sai da aka sake tara sababbin awo kafin a tabbatar cewa na 1975 ne daidai. Mai karatu zai iya cewa bambancin minti biyu da 'yan sakanni bai kai abin ɗaga hankali ba. Amma masu na'urar LIGO, wadda ke auna girgizar da abubuwa masu nauyi ke haifarwa a sararin samaniya, suna neman irin wannan girgiza mai ɗorewa daga wannan tauraron nutron, kuma sai sun san inda yake a zagayensa a kowane lokaci kafin su iya tace sigina mai rauni haka. Minti biyu a kowane zagaye, cikin 'yan watanni ya isa ya jefa lissafin a daji.

Ko an auna daidai, kama da wane ba ta wane. Cygnus X-1 yana zagaye cikin kwana 5.6, kamar yadda Louise Webster da Paul Murdin a Ingila, da Tom Bolton a Kanada, suka bayyana a 1972. V404 Cygni kwana 6.5. Duka baƙin rami ne, duka a yanki ɗaya na sama, wa'adinsu kusan ɗaya. Amma rayayyen Cygnus X-1 shuɗin shirgege ne da ya ninka Rana nauyi sau da dama, na V404 Cygni kuwa bai kai nauyin Rana ba. Tsakanin kwana ɗaya zuwa 'yan makonni gidajen biyu sun cakuɗe, kuma a ganina duk wanda ya raba tagwaye a wannan tsakani da wa'adi kaɗai caca yake yi. Hercules X-1 ma ya ƙi shiga kowane gida, don rayayyensa ninki biyu ne na nauyin Rana, sai da aka yi masa matsakaicin gida.

Cygnus X-3 ya fi su duka taurin kai. Wa'adinsa awa 4.8 ne, adadin da a ko'ina za a ce na gidan ƙanana ne, don tazarar da ke tsakanin tagwayen ba ta wuce 'yan ninkin faɗin Rana ba, shirgege irin na Cygnus X-1 ba zai shiga ba. Ƙura ta rufe shi ruf, ba a ganinsa da hasken ido. A 1992 Marten van Kerkwijk da abokan aikinsa suka rarraba haskensa na infared, wanda ke ratsa ƙura, suka ga layukan hiliyom masu ƙarfi babu alamar haidurojin. Rayayyen tauraron Wolf-Rayet ne, wato babban tauraro da ya zubar da rigarsa ta waje, ya rage zuciyar hiliyom mai nauyi amma ƙarama a jiki. Ɗan gidan manya ne da ya samu shiga ƙaramin fili. Agogon ma yana goyon bayan haka in aka dube shi na tsawon shekaru: wa'adin awa 4.8 ɗin yana ƙaruwa da kimanin kashi ɗaya cikin miliyan a kowace shekara, abin da ya yi daidai da tauraron da iska mai ƙarfi ke kwashe masa nauyi, jansa na raguwa, abokin zamansa na ja da baya sannu a hankali.